Baƙo na Tabla da Gwangwanin Daddawa

Faɗan da Habsa ta yi da Baƙo, ƙanin mijinta, a kan gwangwani ne. A tsakiyar kasuwar Lahadi ta Filinge ta yi shi, wajen masu kaba, inda babu kunnen da bai ji ba. Sati guda ke nan da fitarta takabar mijinta Yakubu. Ta tarar da Baƙo yana jujjuya igiyar rijiya a hannu, ta sauke daurin kabarta a gabansa.

"Baƙo, ka maido min gwangwanina."

"Wane gwangwani, matar Yaya?"

"Na daddawa, mai jan marhi. Wanda ka ara can arewa shekarar yunwa, kac ce kwana biyu."

Masu kaba suka kwashe da dariya, don shekarar yunwa ta yi shekara goma sha tara da wucewa. Baƙo bai yi dariya ba. Ya rage murya ya ce, "Habsa, mu tahi gida mu yi magana."

"Gida munka yi shekara goma sha tara muna shiru. Nan nika son ta."

Ya aje igiyar ya juya, wannan ƙaton mutum da bai taɓa ba wani namiji baya ba. Mutane suka ce mutuwar miji ta taɓa mata kai. Ta bar su da faɗinsu. Daga ranar, shekara goma sha shida, ban da gaisuwar mutuwa babu abin da ya ƙara haɗa bakinta da nasa.

Ga wanda bai san Baƙo ba, a Tabla aka yi shi, auta a gidan manoman hatsi. An haife shi uwarsa tana baƙunta a Damana, shi ya sa sunan ya bi shi. Ranar da aka kawo Habsa amarya gidan, yana ɗan shekara goma sha huɗu, kuma kafin ta kwana bakwai ya sace mata ƙanzo sau uku. Wasan ƙanin miji da matar wa suka ɗauka tun daga nan. Yana ce mata matarsa ce Yaya yake riƙe masa, tana ce masa ko an ba ta shi kyauta sai an haɗa mata da rumbu biyu, don cinsa. Da ya girma ya yi kokawa, daga Tabla har Abala, kuma ya fi kayarwa fiye da a kayar da shi. Karatu kuwa, ban da na salla, bai san ko baƙi ɗaya ba.

Shekarar da shanu suka mutu, ya ji labari anasara suna haƙar wani dutse can bayan Agadas, suna neman masu ƙarfin baya. Ya hau kamiyo, babbar motar kaya, da riga ɗaya. Dutsen, uraniyom ake ce masa. Ana shiga cikin ƙasa da fitila a goshi da kaske, hular kwano, a kai, a huda dutse, a fasa, a kwashe, ƙura tana shiga hanci da kunne da tsakanin haƙora. Kafin damina biyu buhunan hatsi sun fara sauka ƙofar gidansu a Tabla. Bayan shekara biyar ya aiko wa yayansa Yakubu ya taho, ya taho da Habsa. Ya jawo wannan, ya jawo wancan, har Kurfayawa, mutanen ƙasarsu ta Kurfai, goma sha biyar suka taru a ekip ɗaya, wato rukunin aiki, shi ne shef ɗinsu, shugabansu.

Gaskiya ko Habsa da bakinta ba ta taɓa hana masa wannan ba: shef ne na kirki. Yana ƙwanƙwasa rufin rami da sandar ƙarfe ya san wanda zai zubo tun bai zubo ba. Ranar da dutse ya danne ƙafar Ibrah, ɗaya cikin mutanensa, shi ya goyo shi har waje. Ba ya fitowa rami sai ya ƙirga mutanensa da suna. Duk abin da ya yi daga baya, daga wannan halin ya fito, kuma abin da ya sa zancen yake da ciwo ke nan.

Kamfanin yana ba kowane mai shiga rami wani ɗan baƙin abu kamar kwalin ashana, a maƙala a ƙirji. Baji suke ce masa a biro, wato ofishin kamfani. An ce yana auna zafin da dutsen yake fitarwa, zafin da ba a gani, ba a ji a fata. Ƙarshen wata a karɓa a kai biro a duba. Kurfayawa suka sa masa suna ɗan tsegumi, don ba ya magana da kai, sai ya je ya yi da anasara.

A shekarar yunwa ta tamanin da huɗu, ɗan tsegumin Mamman, ɗaya cikin goma sha biyar ɗin, ya kai ƙararsa. Mamman mutum ne mai bin doka, ko wanka zai yi sai ya aje abin inda yake ganinsa. Aka ce nasa ya cika, aka fitar da shi daga rami aka ba shi tsintsiya, bayan wata uku aka sallame shi. Ya koma Kurfai a shekarar da mutane suke tonon gidan tururuwa suna neman tsaba.

Ran Juma'a bayan masallaci sauran goma sha huɗun suka taru a tsakar gidan Yakubu. Habsa tana gefe tana daka. Baƙo ya baje musu lissafinsa. Mamman da bai taɓa rabuwa da abin ba, shi aka ce ya kamu. Moussa da yake mantawa da nasa a ɗaki rabin wata, an ce lafiyarsa lau. To ashe abin ne yake jawo zafin dutse zuwa ƙirjin mutum, kamar yadda ƙarfe yake jawo aradu. Ko ma ba haka ba ne, kowannensu akwai baki ashirin a gida da yake jiran buhunsa. Aka yarda a kansa: a riƙa aje ɗan tsegumi a waje, bayan ɗakin fitilu, ƙarƙashin wani dutse. A rataya shi Litinin da Juma'a kawai, kada a gan shi fes a yi zargi. Aka ɗauko Alƙur'ani, kowa ya dafa ya rantse ba zai faɗa wa kowa ba har ya mutu, sai in shef ne ya buɗe baki da kansa.

Babu wanda ya tuna ya rantsar da mace mai daka.

Saura abin zubawa, wanda rairayi ba zai shiga ba. Baƙo ya waiga ya ga gwangwanin madara babba mai jan marfi, wanda Habsa take aje daddawarta.

"Matata, ara min wanga kwana biyu."

"Daddawar hwa, in zuba ta ga kaskenka?"

Ta juye daddawar a ƙwarya, ta miƙa masa da hannunta. Wannan miƙawa ba ta taɓa barin ta ba.

Shekara goma sha biyu gwangwanin yana aiki. Warin daddawa kuwa bai fita ba, har magatakardan da yake karɓar baji a biro yakan toshe hanci ya ce na Kurfayawa miya suke yi. Ba a sake fitar da ko mutum ɗaya daga ekip ɗin Baƙo ba. Aka riƙa yabonsa, ana cewa mutanensa sun fi kowa tsabtar aiki.

Sai suka fara dawowa gida ɗaya bayan ɗaya, kowa da akwatin ƙarfe da rediyo da takarda mai hatimi da ta ce zafin da ya ɗauka kaɗan ne ƙwarai. Da tari kuma. Yakubu ya yi shekara bakwai yana nasa. Da farko yana noma yana tsayawa, daga baya ya koma zama bakin gona, daga baya ko bakin gonar ya gagara. Bayan ya rasu, ƙungiyar tsofaffin ma'aikata ta rubuta wa kamfanin. Amsa ta zo, mushen lakwal, malamin makarantar boko, ya karanta ta a zaure gaban Baƙo, Habsa tana bayan zana tana ji. Takardar Yakubu ta nuna bai ɗauki abin da zai cutar da shi ba, in ji su. Irin wannan ciwon huhu, taba ce ta fi kawo shi.

Yakubu bai taɓa sa sigari a baki ba. Ko garin taba da tsofaffin Kurfai suke matsawa a kumatu, warinsa tayar masa da zuciya yake yi. Habsa ta jira Baƙo ya yi magana. Ta leƙa ta tsagar zana ta gan shi yana zane a ƙasa da tsinke. Abin da ya kai ta kasuwar Lahadi ke nan.

Ba wai ta yi shiru ba ne a shekarun da suka biyo. Ta je wurin sakataren ƙungiya a Filinge ta faɗa masa zancen gwangwani tun daga tushe. Ya ce, "Inna, ke kin shiga rami?" Ta ce a'a. Ya ce to sai wanda ya shiga ya faɗa. Waɗanda suka shiga kuwa sun rantse, kuma suna ta tafiya da rantsuwarsu cikin likkafani. Baƙo ya dawo Tabla ya kama hauya. Ya rataye kaskensa a ƙusa. Duk gawar da aka fitar cikin mutanensa shi ne a gaba wajen ɗaukar makara, kuma duk kaka sai ya aika wa matan da suka bari damin hatsi. Na Habsa, tana mayar masa da shi a kan jakin da ya kawo.

Shekara goma sha shida bayan faɗan kasuwa, wata likita mai suna Najiba ta zo daga Yamai da akwatin ƙanƙara. Ta sauka gidan likita na Filinge, ta ce tana son jinin waɗanda suka yi aikin rami a arewa, da na manoma sa'o'insu da ba su taɓa zuwa ba, don ta gwada. Cikin goma sha huɗun gwangwani, uku suka rage: Baƙo, da Ibrah mai ɗingishi, da Moussa. Suka ba da jini suna zaton magani zai biyo baya. Mamman ma ya ba da nasa, shi da aka kora tun shekarar yunwa, wanda har yanzu yake kai kansa kasuwa a ƙafa.

Bayan wata huɗu likitar ta dawo, ran Talata da hantsi, ta tara su ƙarƙashin dogon yaro. Habsa ba a kira ta ba. Ta zo da takardar Yakubu a ƙulle a bakin zane, ta shimfiɗa tabarmarta a gaba.

Likita Najiba ta ce a cikin fararen ƙwayoyin jinin mutum akwai wasu zaruruwa ƙanana, arba'in da shida, bibbiyu, kuromozom ake ce musu. A jikinsu aka rubuta yadda jiki zai gina kansa ya gyara kansa. Zafin dutsen nan in ya ratsa mutum yakan tsinka su. Jiki ya yi sauri ya ɗaura, amma wani lokaci sai ya ɗaura guntun wannan a jikin wancan. Irin wannan ɗauri yana zama a jini shekara talatin, ko fiye. Ta ce sukan rina zaruruwan da launi don su gani. Ta ɗaga hoto biyu.

Habsa ta miƙa hannu. "Kawo nan, ɗiyata. Idona bai kai can."

Shekara hamsin tana saƙar tabarma da rinanniyar kaba. Ta dubi hoton farko, ja da ja, kore da kore, kowane da ɗan'uwansa. Ta dubi na biyu, ta dafa yatsa a wuri ɗaya.

"Wanga ja ne, mi ya kai kore ga wutsiyatai? Wanga ƙari ne. Kaba ta tsinke, mai saƙa ya ɗauko wadda ya samu kusa ya sa. In ɗiyata ta yi min haka sai ta warware."

"Haka ne, Inna. Sai dai wannan ba ya warwaruwa."

"Na wane ne?"

Likitar ta dubi Baƙo, don ba ta faɗin na mutum sai da yardarsa. Ya ɗaga kai kaɗan. Ta ce nasa ne.

Sannan ta faɗi abin da ya dame ta. Kowane tsoho yana da irin wannan ƙari kaɗan, tsufa ma yana kawo shi. Amma na mutum ukun nan ya ninka na manoma sa'o'insu nesa ba kusa ba, alhali takardunsu sun ce kusan babu abin da suka ɗauka. Mamman kuwa da takardarsa ta ce ya cika, nasa bai kai rabin nasu ba. Abin ya zo a kife.

"In na rubuta shi haka," in ji ta, "masu karantawa za su ce ashe ba rami ba ne, tunda masu farar takarda sun fi lalacewa. Za su ce wani abu ne a Kurfai, ko taba, ko ruwan rijiya. Ni kuma ba ni da abin da zan mayar musu. Baba, akwai abin da ban sani ba?"

Ibrah ya dubi ƙafarsa. Moussa ya dubi Baƙo. Baƙo ya dubi tsinke a ƙasa.

"Tambayi shef," in ji Habsa. "Tambaye shi mi ya sa bajin Kurfayawa ka warin miya."

Baƙo ya tashi ya kaɗe rigarsa ya tafi. Likitar ta ce ran Alhamis da azahar za ta koma Yamai, da abin da ta samu za ta rubuta.

Washegari da sassafe Habsa ta shiga gidan Baƙo a Tabla, karo na farko cikin shekara goma sha shida. Ta iske shi gindin rumbu yana gyaran ƙotar hauya. Ba ta gaishe shi ba, ta jawo turmi ta kifar ta zauna.

"Ka tsuhwa, Baƙo. Da can in ka zamna, ƙasa ta san an zamna."

"Ke ma ba ki koma amarya ba."

"Ni ba a ga ƙari ga kabata ba. Gobe yarinyar ga za ta tahi."

"Na dahwa Alƙur'ani, Habsa."

"Kun dahwa a kan sai in shef ya buɗe baki. Ina nan ina daka, kunnena bai cikin turmi. Kuma na tambayi liman jiya, don na san da nan za ka ɓullo min. Ya ce wanda ya ga alheri ga karya rantsuwa shi karya, shi ciyar da miskinai goma. Ku uku, talatin ke nan. Hatsi na jiƙe tun jiya. Kai dai kawo bakinka, tuwo nawa ne."

Ya aje ƙotar.

"In na hwaɗi, cewa za su yi mu munka ɓoye da hannunmu. Laihi ya dawo kanmu. Mata goma sha ɗaya za su san ni na aje mazansu cikin rami bayan ya kamata a hidda su."

"Za su sani, don haka ankai. Kai ka aje su. Amma anasaran da ya ga baji goma sha huɗu kusan hwari tas shekara goma sha biyu, suna warin daddawa, cikin ramin da ya cika na Mamman cikin shekara biyu, bai tambaya ba? Ya gani, ya yi mai daɗi, ya yaba ma. Naka laihi ka ɗauka, ka bar musu nasu. Yanzu duka biyun ka rungume kana zane ga ƙasa."

"Ni na kira Yaya arewa."

"Yunwa ta kira shi. Kai gwangwani ka ara, ni kau na miƙa ma. Kana zaton kai ɗai ka kwana da shi? An rubuta mijina mashayin taba, Baƙo. Jikokinai sun ji an karanta. Ba ni bari a rubuta haka karo na biyu, da jininku kuma."

Ta tashi ta mayar da turmin yadda ta same shi. A bakin ƙofa ta waigo.

"In ba ka zo ba, tuwon talatin nan ƙohwar gidanka zan kawo shi, in gaya ma kowa na sadakar mazakutarka ne."

Ran Alhamis da hantsi mutane suka taru gindin dogon yaro, har da matan mamatan, don Habsa ta bi su gida gida. Tukwane biyu suna kan murhu a gefe. Rana ta yi sama, likitar ta fara haɗa takardunta, sai ga sharetin jaki, wato amalanke, ya shigo. Baƙo ne a gaba da kaske a kansa, Ibrah da Moussa a baya. A cinyarsa akwai gwangwanin madara da ya yi tsatsa, jan marfinsa ya koɗe.

Ya sauko ya aje shi gaban likitar, ya ƙi zama. Ya ce ya sauke wa Ibrah da Moussa rantsuwa. Ya faɗi zancen Mamman, da taron Juma'a, da dutsen bayan ɗakin fitilu. Ya ce kwana biyu cikin shida suke ratayawa, shekara goma sha biyu, kuma shi ya kawo shawarar, ba wani ba. Sannan ya kira sunayen goma sha huɗun ɗaya bayan ɗaya, yadda yake kiransu a bakin rami, ya fara da Yakubu. Likitar tana rubutawa. Ibrah ya ce haka aka yi. Moussa ya ce haka aka yi.

Rakiya, matar ɗaya daga cikin mamatan, ta tashi ta tsaya gaban Baƙo ta dube shi, ta tofar da yawu a gefen ƙafarsa ta fita. Ba ta sake gaishe shi ba har ya bar duniya. Bai goge ba, bai matsa ba. Mamman kuwa ya yi ta girgiza kai yana cewa shekara talatin da biyar yana jin haushin korar da aka yi masa, ashe ita ta tsirar da shi.

Likitar ta buɗe gwangwanin ta shinshina. Ta dubi Habsa.

"Daddawar tawa ce," in ji Habsa. "Ba a yin irinta yanzu."

Aka zuba tuwo da miyar kuka, miskinai talatin suka ci, har da na ƙari da suka ji ƙamshi.

Kamfanin bai amsa ba, kuma Habsa ba ta zauna jiran amsarsa ba. Amma likita Najiba ta rubuta zancen gwangwani cikin bincikenta, ta kuma aiko wa kowane gida cikin goma sha huɗun takarda da sa hannunta, cewa awon da aka rubuta wa mutumin bai nuna abin da ya ɗauka ba. Ta faɗa wa Habsa gaskiya ba rufi: ba ta ga jinin Yakubu ba, ba za ta iya rantsuwa dutsen ne ya kashe shi ba. Abin da za ta iya cewa shi ne, babu mai ikon ɗaga waccan tsohuwar takarda ya ce ba shi ba ne.

"Ya ishe ni yin hwaɗa," in ji Habsa. Ta sa mushen lakwal ya karanta sabuwar a zauren da aka karanta tsohuwar, gaban jikokin Yakubu, sau biyu. Ta ƙulle takardun biyu a ƙyalle ɗaya, ta ce su yi ta rigimarsu a ciki.

Baƙo ya ƙara shekara biyu. Jininsa ya riƙa ƙarewa, ana kai shi Yamai ana ƙara masa, har ya ce ya gaji da hanya. Bakin da ya rufe shekara talatin da biyar kuwa ya ƙi rufuwa. Duk wanda ya ji zai tafi aikin haƙa, ko na uraniyom ko na zinariya, sai ya sa an kira masa shi, ya ce in an ba shi ɗan tsegumi ya rataya shi ko wurin barci, ya bar shi ya yi tseguminsa. A kakar farko ya aika wa Habsa damin hatsi kamar kullum. Ta karɓa, ta aika masa cewa zangarniyar ƙanana ce.

Bayan kaka ta biyu, wata Laraba da hantsi, ya aika a kira ta. Ta iske shi kwance a kan tabarmar da ita ta saƙa, ƙashi da fata, kasken yana rataye a ƙusa, gwangwanin yana kusa da kansa. Ya tura shi wajenta da bayan hannu.

"Matata, ga kayanki. Kwana biyun sun cika."

Ta ɗauka ta jujjuya, ta ƙwanƙwasa gindin da farce.

"Ya hude. Haka kaka maido aron mutane?"

Ya yi dariya har tari ya tsayar da shi. Da ya lafa ya ce, "Kin yahe min?"

Habsa ta sa gwangwanin a hammata ta tashi, ta gyara masa mayafi a ƙafa, don ƙafafun sun yi sanyi.

"Gwangwani na yahe, da ƙanzon da ka sace min. Saura kau ba nawa ba ne. Ga ka tahe wurin masu shi, su goma sha ɗaya, ka san sunansu. In ka iske Yayanka ka tambaye shi da bakinka, kar ka tsaya kana zane ga ƙasa. Kuma ka gaya mai Habsa ta ce an karanta ga zaure, gaban jikokinai, cewa takardar taba ƙarya ta yi."